Zuwa Ga Auta, Kan Maganar Zama DJ

Yamai, daren Lahadi.



Auta, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya sanyi, yaya fama da dashen albasa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonninka na murya duk sun iso, kuma na saurare su har ƙarshe, har da wancan da ka yi cikin fushi don ka ji shiru. Ba share ka na yi ba. Magana ce mai tsawo, kuma na san halinka, saƙon murya in ya wuce minti uku ba ka kai ƙarshensa. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta, ka ji haushina, in ka huce ka sake karantawa.

Ga abin da na fahimta. Kana so ka sayar da ragunanka biyu, in cika maka, ka sayi na'urar haɗa kiɗa mai faifai biyu irin wadda ka gani a bidiyo, ka tattara ka baro Bangi ka taho Yamai. Ka gaji da kunna wa mutane Hamisu Breaker da Umar M. Shareef a gidan biki ana sallamar ka da abin da bai taka kara ya karya ba. So kake ka zama irin Black Coffee. Sannan ni kake so in tunkari Inna da zancen.

Ba zan hana ka ba. Shekara da shekaru ina jan wayar sifika a wuraren taro a garin nan, da ita nake ciyar da iyalina, don haka ba ni da bakin ce maka sauti ba sana'a ba ne. Kuma na ga yadda ka riƙe fili a bikin ɗiyar Kawu. Ka san lokacin da mata suka fara gajiya, ka san lokacin da za ka sako musu asauwara su miƙe gaba ɗaya har da masu goyo. Ba kowa Allah ya ba wannan kunnen ba. Amma na'urar nan kada ka saya, kuma kada ka taho yanzu. Da mutumin naka zan fara gaya maka dalili.

Ka ce abin da ya fi burge ka a bidiyon shi ne yadda yake tsaye gaban dubban Turawa a Ibiza, hannu ɗaya cikin aljihu, don tsabar ƙasaita. Ba ƙasaita ba ce, Auta, hannun ne ba ya aiki. Sunansa na yanka Nkosinathi Maphumulo, an haife shi a Durban ta Afirka ta Kudu a 1976, ya tashi a Mthatha a hannun kakarsa. A watan Fabrairun 1990, ana cikin murnar sakin Mandela, mota ta kutsa cikin taron jama'a, yana cikin waɗanda ta kaɗe, hannunsa na hagu ya shanye tun yana yaro. Duk abin da ka ga yana yi a kan na'ura, da hannu ɗaya ya koye shi. Bayan haka ya karanta ilimin kiɗa a wata babbar makaranta a Durban, ya yi ƙungiya da abokansa, ya yi wa wasu amshi. A 2003 aka zaɓe shi cikin matasan da suka je horon Red Bull Music Academy. Sai a 2005 faifansa na farko ya fito, yana dab da shekara talatin, kuma a kan kwamfuta ya haɗa shi da manhaja mai sauƙi, ba a wani katafaren situdiyo ba. Ka lura da abin da ya sa a ciki: ya ɗauko "Stimela" ta Hugh Masekela, tsohuwar waƙar da kowa ya sani a ƙasarsu kan jirgin ƙasa mai kwasar leburori zuwa ramukan ma'adinai, ya ɗora ta kan sabon kiɗa. Da kayan gidansu ya fita kasuwa.

Abin da ya biyo baya ka san wasu. Ya kafa kamfaninsa na waƙa, Soulistic Music, wanda ya fitar da nasa ayyukan da na matasa irin su Culoe De Song. A 2012 ya fitar da Africa Rising, wasan da ya yi a filin ƙwallon Moses Mabhida na Durban tare da cikakkiyar tawagar makaɗa. A 2016 ya ci kyautar BET. A 2017 Drake ya gina "Get It Together" a kan tsohon kiɗansa na "Superman", kuma sunansa na nan rubuce a jikin waƙar. A shekarar ne ya fara riƙe dare na kansa a gidan rawar Hï da ke Ibiza. Grammy sai a 2022, da faifan Subconsciously, sannan ya cika Madison Square Garden a New York a Oktoban 2023. Daga faifan farko zuwa Grammy shekara 17 ke nan. Kai kuma bidiyon minti biyu ka gani.

Aiki uku mutumin nan yake yi, ɗaya kawai kyamara ke nunawa. Akwai DJ, mai zaɓar waƙa ya jera ta ya sa mutane rawa. Akwai furodusa, mai ƙirƙirar kiɗan da babu shi a duniya sai da ya zauna ya haɗa. Akwai kuma mai kamfani, wanda kiɗan yake mallakarsa, shi ake nema in ana so a saya ko a ara. Kai ɗan Tarka ne, ka san albasa. Ɗan ƙwadago ya yi dashe, a biya shi da yamma, gobe in bai fito ba babu. Mai gona yana da amfanin, amma in bashi ya matse shi sai ya sayar a bakin gona ranar da kowa ke cirewa, a wulaƙance. Wanda ya zuba tasa a rudu ya jira, shi ne manyan motocin Gana da Abijan ke samu a zaune bayan wata huɗu, shi ke faɗin kuɗi. Na'urar da kake so ka saya kayan ɗan ƙwadago ce, mai kyau dai, mai fitilu. Da ita da babu ita, waƙar wani za ka kunna.

Kuma kada ka ɗauka zama furodusa kaɗai ya isa. Shi wannan kiɗan na hawus da Black Coffee ke yi a Shikago aka haife shi, cikin baƙaƙen fatan Amurka. Frankie Knuckles ya baro New York a 1977 ya riƙe wani gidan rawa mai suna Warehouse. Da sababbin faya-fayen disko suka yi ƙaranci, sai ya riƙa yanka zaren kaset na tsofaffin yana liƙawa don ya tsawaita wurin da mutane suka fi so, daga baya ya ƙara da injin ganga a ƙarƙashi. Samarin unguwa suka ga ashe abin ba ya buƙatar tawaga. Injunan Roland, TR-808 da TR-909, waɗanda manyan makaɗa suka raina don ba su yi kama da gangar gaske ba, suka faɗo hannun yara da araha. A 1984 Jesse Saunders ya buga "On and On" a ƙaramin kamfanin da ya kafa da kansa. Amma da yawa daga cikin yaran nan wani kamfani mai suna Trax suka kai wa kayansu, suka karɓi ɗan abin da aka miƙo musu, suka tafi suna murna. Kiɗansu ya ci Ingila, ya ci Turai, su suna nan jiya i yau. Larry Heard, wanda ya yi "Can You Feel It" a 1986, sai da shi da Robert Owens suka shigar da ƙara a 2020, a 2022 aka mayar musu da haƙƙin waƙoƙinsu. Shekara talatin da ɗoriya, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To bar su can, mu dawo gida, don labarin da ya fi damuna a nan yake.

Ka san ɗan kiɗan nan mai sanyi da tsofaffi ke cewa sun tashi suna ji a rediyo da talabijin ɗin ƙasa tsakanin shiri da shiri? Na Mamman Sani ne. Ma'aikaci ne da ya yi aiki da UNESCO, ya sayi ogan ƙirar Italiya, Orla, a hannun wani ɗan Ruwanda, ya koya wa kansa, ya riƙa zuba waƙoƙin gargajiyarmu a cikinta. A 1978 ya ɗauki kaset ɗinsa a gidan rediyon ƙasa, aka buga kaɗan ƙwarai. Ƙasa duka ta san sautin, kaɗan ne suka san mai shi. Sai a 2013, bayan shekara 35, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a Portland, ya tono kaset ɗin a Yamai ya sake buga shi a faifai, dattijon ya fara yawon wasa a Turai da furfurarsa. Haka Hama, direba ne a nan Yamai, yana kaɗa fiyanon Yamaha in ya tashi aiki. Kiɗansa ya zagaye ƙasar nan a katin memori ba suna ba hoto, har sai da kamfanin nan dai ya fitar masa da Torodi a 2015, da Houmeissa a 2019. Mdou Moctar kuwa ɗan jiharmu ne, daga wajen Abalak da Cintabaraden. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, nan kusa da ku, da irin lanƙwasa muryar nan ta situdiyon Hausa. Waƙoƙin suka yi ta tsalle daga waya zuwa waya har arewacin Mali. Can Kirkley ya ji ɗaya, ya sa ta cikin tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones a 2011, kuma sai da ya sha wahalar cigiya kafin ya gano mai ita. Yau Mdou yana tare da kamfanin Matador na Amurka, yana zagaya duniya.

Ban ga laifin Ba'amurken nan ba. Ya nemi masu kayan, ya rubuta sunayensu, ya raba riba da su, abin da da yawa daga cikin namu ba su yi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mutum uku, dukansu ƴan Nijar, kuma rumbun da aka tara kayansu yana Portland. Me ya hana ya kasance a Tawa, ko Maraɗi, ko Madawa? Ba kuɗi ba ne kaɗai, don shi ma da ƴar na'urar ɗaukar murya da jaka a baya ya fara. Abin da ya yi wanda ba mu yi ba shi ne ya rubuta, ya ajiye, ya tambayi wane ne ya yi wannan.

Je ka rumfar mai tura waƙa ranar kasuwa ka leƙa kwamfutarsa. Za ka ga ɗaruruwan fayil masu suna AUD da dogon lamba, waɗanda suka biyo ta WhatsApp aka tura ta Xender, ba sunan mawaƙi, ba na makaɗi. Wasu ma wani yaro ya ɗora muryarsa a kai yana kiran sunan shagonsa da lambar wayarsa. Kai kanka rabin abin da kake kunnawa ba ka san wanda ya kaɗa shi ba. Ko a Kano, inda sana'ar ta kafu tun zamanin fim ɗin Sangaya a 1999, kowa ya san mai rerawa, amma wanda ya zauna gaban fiyano ya ƙirƙiro kiɗan da ya sa waƙar ta shiga jiki, sau da yawa kuɗin zama ɗaya ake ba shi, shi ke nan an rabu. In ka taho Yamai da na'urarka, layin da za ka shiga ke nan, a bayan yara da yawa da suka riga ka, waɗanda suka san masu gidajen rawa, suna jin Zabarmanci da Faransanci fiye da kai, kuma duk abin da za ka kunna suna da shi a wayarsu.

Abin da ba su da shi yana nan inda kake zaune. Kalangun mahauta ranar kasuwa. Kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida. Gangar noma. Kiɗan ƴan kokowa da ke sa ƙato ya riƙa tsuma kafin a kama. Lugude, in mata uku suka haɗu a turmi ɗaya suna jefa taɓarya suna tafawa. Sarewar Fulani da garayar da ake ji in an sauka mashaya. Ga kuma baƙinmu da rashin zaman lafiya ya koro daga ƙasar Sakkwato suka zauna a Bangi, cikinsu ba a rasa makaɗa da zabiyoyi da suka baro komai sai abin da ke cikin kansu. A Bamako, masu kunna kaset a bikin unguwa ne suka fara ɗora injin ganga kan kiɗan balafon, abin ya zama salon da ake kira Balani Show. Ɗaya daga cikinsu, DJ Diaki, kamfanin Nyege Nyege Tapes na Yuganda ya fitar masa da faifai a 2020, ya fita duniya da shi. Mai kiɗan biki ne kamarka. Bambancin, shi ya kai ga ƙera nasa.

Yanzu ga aikin kansa, tun da shi ne na fi sani. Hawus bugu huɗu-huɗu yake tafiya, dum dum dum dum, wajen 120 zuwa 126 a minti, ba ya fashi. Sirrin DJ bai wuce ya daidaita saurin waƙa biyu ba, yana jin mai zuwa a kunne ɗaya, mai tafiya a ɗayan, ya ƙirga takwas-takwas har talatin da biyu, ya shigo da sabuwar a kan gaɓa yadda ƙafar mai rawa ba za ta san an canza ba. Wannan za ka iya koyon sa da Virtual DJ a kan kowace kwamfuta, ba sai da faifai mai walƙiya ba. Wahalar tana wajen haɗa namu da nasu. Da yawa daga cikin kaɗe-kaɗenmu uku-uku suke tafiya, kuma makaɗin kalangu ba ya bin agogo, yana ja yana saki gwargwadon yadda fili ya ɗauka. In ka tilasta masa layin kwamfuta daram, ka kashe shi, sai ya koma kamar kiɗan talla. In ka bar shi sakaka, ya yi ta karo da bugun ƙasa. Tsakanin nan ne aikin yake, kuma babu bidiyon YouTube da zai koya maka, don waɗanda suka yi bidiyon ba su taɓa jin kalangu yana magana ba. Ka tuna kalangu magana yake yi. In ka yanka shi a tsakiyar kirari, Bature ba zai ji komai ba, amma mahaucin da ya ji zai san ka yanke wa wani suna a rabi.

Wajen ɗauka, kada ka raina ɗakin ƙasa. Ɗakin siminti mai rufin kwano amsa-kuwwa yake yi, ya cakuɗa komai. Ɗakin Inna na baya, wanda buhunan gero ke jingine a bango, ya fi wasu situdiyon da na shiga a garin nan. Ka shimfiɗa tabarma biyu, ka rataya bargo a ƙofa, ka jira bayan isha'i in injin niƙa ya yi shiru, ka kore awaki daga zaure. Makirfo ya yi nisan taƙi ɗaya ko biyu daga bakin ganga, a ɗan karkace. Ka sa makaɗin ya buga mafi ƙarfin da zai buga, ka rage har alamar ta daina taɓa ja, don sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Ka bar shi ya yi ta kaɗawa, kada ka tsayar da shi, abin kirkin yakan zo ne bayan ya manta da kai. Ka ajiye a WAV, ba MP3 ba, kuma kada ka taɓa tura asalin ta WhatsApp a matsayin sauti, matse shi yake yi. Kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a katin da ba ya fita daga akwati. Zafi da ƙura da wutar da ke zuwa da ƙarfi sun cinye wa mutane aikin shekaru ina gani.

Sai maganar takarda, wadda na san za ka so ka tsallake. Kada ka tsallake. Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a kanta: na wanda ya tsara ta, da na wanda ya mallaki ɗaukar da aka yi. Samarin Shikago ba su san haka ba sai da ƙafa ta yi nisa. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk abin da ka ɗauka ka rubuta rana, da wuri, da sunan makaɗi, da abin da ka ba shi, da kason da kuka shirya in Allah ya sa abin ya kawo kuɗi. In ba ya karatu, ya faɗa da bakinsa ka ɗauka, a gaban shaidu biyu. Kada ka ɗauki tsoho a ɓoye, kada ka ce masa na wasa ne. Muryar matan aure kuwa, sai da yardarsu da ta mazajensu, in an ƙi ka haƙura. Kiɗan bori ka bar shi inda yake, ba naka ba ne, kuma rigimar da zai jawo maka ta fi ƙarfinka. Cikin kowane fayil ka rubuta sunanka da na makaɗin, ka kuma sa ƴar alamar murya a farkon kiɗan, yadda ko an canza masa suna a kasuwa za a san daga inda ya fito. Idan ka tara abin da ya tara, akwai BNDA a nan Yamai, ofishin kare haƙƙin masu fasaha, ni zan raka ka mu yi rajista. Littafin nan da katin nan, su ne kamfanin. Na Black Coffee ma ofis da ma'aikata daga baya suka zo.

Kada kuma ka sa rai da kuɗin intanet da wuri. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Spotify tun 2024 ba ya biyan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba a shekara, kuma mutanenmu ba can suke sauraro ba, a katin memori da TikTok suke. Abin da zai riƙe ka shi ne bikin nan da ka raina, da tallan shago, da ɗan kiɗan buɗe shiri da za ka yi wa gidajen rediyon yankinmu. Kuma gidan biki makaranta ce da ba a biya. Ka sako naka a tsakiyar na Breaker, kada ka sanar. In mata suka ci gaba da rawa, ka samu. In suka koma kujera suna gyara ɗaurin kallabi, ka koma ɗaki ka sake. Abokanka na fada ba za su gaya maka gaskiya ba, shayinka suke sha.

Saura Inna. Ka ce ba ta waye ba. Kada in ƙara jin wannan a bakinka. Abin da take cewa, gidanmu ba a gaji kiɗa ba, ba a gaji roƙo ba, haka aka tarbiyyantar da ita, kuma a garinmu har gobe akwai gidan da zai hana ka ɗiya saboda wannan. Gara ka sani tun yanzu. Sannan tsoronta ba na banza ba ne. Ta ga yaran da suka fara da kunna kiɗa suka ƙare da tiramol. Ta san yadda dare yake a bakin iyaka a shekarun nan. Ta ji malamai suna wa'azi kan cakuɗuwar maza da mata, kuma a garuruwa da dama na arewacin Nijeriya an sha hana kiɗan DJ a biki saboda haka. Ba da labarin Grammy za ka amsa mata ba, ba ta san shi ba, ba ta kuma damu ba. Abin da za ta duba shi ne ko kana kashe sifika in an kira salla, ko kana tashi da wuri, ko akwai batsa a abin da kake sakawa, ko ka fito gona da safe. Ni kuma ina da abin da zan tuna mata. Marigayi Baba ba ya barin kowa ya yi tari in an sako Narambaɗa yana wasa Sarkin Gobir na Isa, ita ma ta haddace amshin. Kuma gwamnati da kanta ta sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunan Ɗan Gurmu, mutumin Tawa. Amma wannan ba zancen waya ba ne. Sai na zo, mun zauna, bayan ta ci goro. Kafin nan kada ka tayar mata da shi, kada kuma ka aika Yaya Babba ta yi maka, ɓata lamarin za ta yi.

Ga abin da zan iya. Akwai tsohuwar kwamfutata da na daina fita aiki da ita, na sa an canza mata batir, na zuba maka FL Studio da Virtual DJ, da faifan Mamman Sani da na Hama don ka ji da kunnenka. Zan haɗa maka da abin sauraro na kunne mai rufe kunne duka. Rago ɗaya ka sayar, ka aiko kuɗin in saya maka makirfo da ƙaramin akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta, ragowar ka ƙara batirin sola. Ɗaya ragon ka bar shi, na layyar Inna ne ko ba ta faɗa ba. Daga nan zuwa cirar albasa ina so ka turo mini kiɗa uku naka na kanka, kowanne da sautin da ka ɗauka da hannunka a Bangi, da hoton shafin littafin da ka rubuta sunan mai shi. In sun zo, ka taho ka yi wata guda a wurina, in kai ka cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya ka ga tarin kayan kiɗan gargajiya da ke can, ka zauna da waɗanda suka fi ni sani. In na ji ba su yi ba, zan gaya maka ba su yi ba, ka san ni.

Kayan za su taso ranar Alhamis da direban nan da ya saba kawo mana saƙo, ka tare shi a tashar Madawa, kada ka aiki yaro. Wayar cajin tana da lalura, sai ka ɗan murɗa ta hagu take kamawa, kuma kada ka haɗa ta kai tsaye da injin wuta. Ka ba direban tabarmar kaba biyu manya, matar yayanka ta dame ni, da ɗan kilishi in an samu mai kyau.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce maganin ƙafarta yana cikin kwalin, a ƙasa. Ka gaishe da Kawu da Yaya Babba da yaranta, da Malam Liman. Yara suna gaishe ka, ƙaramin yana tambaya yaushe Baba Auta zai zo.

Wassalam.

Naka,
Yayanka.